Minti Biyun Mushe Mahamud

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Yau kwana biyar ke nan wani abu na ci mini rai, ko tuwo na sa a baki ba na jin daɗinsa. Ɗiyata da mijinta sun ce za su yi 'yar tafiyar hutu zuwa Keita da motarsu, cikin wannan damina. Tun da na ji, wani labari ya dawo mini ya ƙi barin kaina. Bari in ba ku shi tukuna, sannan in faɗi abin da nake so ku taya ni da shi.

Akwai wani malamin lakkwal a Madawa mai suna Mahamud, amma kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman makarantar boko a can, har matarsa Habsa. Shi ne darekta. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa. Sai dai shekara ashirin yana tsaye gaban allo, yana magana yara sun yi tsit, har abin ya bi jikinsa. In ya faɗi magana, to ta zauna. A gida ma haka.

Habsa kuwa mace ce mai sanyi. Shekara ashirin da biyu da aurensu, ba ta taɓa ce masa a'a a gaban mutane ba. In abu bai yi mata ba, sai ta bari ya ci ya sha ya miƙe ƙafa, sannan ta lallaɓo da maganar ta gefe.

A shekarar da abin ya faru, aiki ya sha kan Mushe. Ana ba da babban hutu sai jiri ya fara ɗibarsa. Likita ya auna shi ya ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini. Ya rubuta magani, ya ce amma babban maganin shi ne hutu, ya bar gari ko na kwana uku ne.

Mushe yana da wani aboki, Gali, mai garka, wato lambu, a wajen Ibohaman kusa da ruwa, da inuwar mangwaro da ɗan ɗaki na baƙi. Ya daɗe yana gayyatarsa. Da Mushe ya gaya wa Habsa tare za su, ta ɗauka wasa yake, don tun da aka kawo ta gidansa ba su taɓa fita su biyu ba sai gaisuwar mutuwa ko suna.

"Mu biyu kaɗai? Yaran hwa?"

"Mairama na nan, ba ƙanwata ba ce? Ta riƙe su. Ke dai shirya kayanki."

"To mi za mu yi can?"

"Zama. Ba ki iya zama ba?"

"Wa ya koya mini? Kai?"

Ya yi dariya har da tari. Ta daɗe ba ta ji irin wannan dariyar tasa ba.

Wata huɗu kafin nan ya sayi wata ƙaramar mota fara ta hannu, bayan shekaru yana fama da moto, wato babur, cikin rana da ruwa. Shi ke wanke ta da kansa, ko yaransa ba ya bari su jingina da ita.

Ran Asabar da safe suka ɗauki hanya. Habsa ta sa kilishi da dambu a baya, da bidon ruwa da tabarma. Damina ta yi kyau, hatsi ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Suka wuce Buza da hantsi, suka hau tudun duwatsu. Mushe sai nuna mata wurare yake. A wani ƙauye kusa da Garhanga aka haife shi, yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar shi ya tafi karatu, bai sake zama ba.

"Kin ga dutsen can? Nan muke kiwon awaki."

"Kai da kiwo? Allah ya ji ƙan awakin."

Tana cikin dariya idonta ya kai gabas. Can nesa, bisa tudu, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ƙasansa ya sauko kamar an rataya zane. Ta nuna da yatsa.

"Mushe, dubi gabas."

Ya ɗan waiga. "Wancan? Ya hi kilomita talatin. Nan ba rana kike gani ba?"

Rana kam ana yi, har tana ƙuna.

Wajen azahar hanya ta gangara da su bakin wata ƙorama mai faɗi, kafin a kai Garhanga. Busasshiya ce, yashi fari fat. Akwai shimfiɗar siminti da motoci ke bi a gindinta, wadda ake kira radiye, amma ruwan daminar baya ya karya ta daga tsakiya. Don haka sawun motoci ya kauce, ya bi ta cikin yashi har ɗaya gaɓar.

Abin da Habsa ta fara lura da shi mata ne. Su biyar ko shida, sun tona ramuka cikin yashi suna ɗibar ruwa, amma ga su suna haurowa da sauri, wata ma bidonta rabi ne ba ta tsaya cikawa ba. Bayansu wani dattijo mai baƙin rawani yana koro shanu zuwa tudu. Cikin shanun akwai wani babban takarkari, an naɗe igiyar rijiya an ɗora masa a baya.

Dattijon ya bar shanun ya zo ya tsaya tsakiyar hanya, ya ɗaga sanda.

Mushe ya taka birki, ya sauke gilas. Ko sallama bai yi ba. "Lahiya?"

"Salamu alaikum," in ji dattijon. Ya jira sai da aka amsa masa. "Kada ka shiga. Ruwa na tahe."

"Wane ruwa? Ga ƙorama busassa."

Dattijon ya taɓa wata 'yar salula da ke rataye a wuyansa cikin jakar fata. "Ƙanena na can bisa tudu da raƙuma. Ya kira ni, ya ce ruwa ya wuce su, ya kai ƙirjin raƙumi. Haka muke yi, na sama ya kira na ƙasa."

"Tun yaushe ya kira?"

"Da ɗan jimawa."

"Ɗan jimawa minti nawa?"

"Ban da agogo. Ka tsaya dai."

Wannan "ka tsaya dai" ita ce ta ɓata komai. Dattijon Buzu ne makiyayi, sunansa Alƙasim, Hausarsa a tsaye take babu lanƙwasa. Mushe kuwa ya tashi yana jin labarin kakanninsa, yadda a da in masu rawani daga arewa suka ce a tsaya ake tsayawa, in suka ce a kawo hatsi ake kawowa. Habsa ta san wannan tabon, don ya sha ba ta labarin. Tana ganin jijiyar wuyansa ta tashi ta ce a ranta, shi ke nan.

"Baba," in ji Mushe, "zamanin da kakanninku ke cewa namu su tsaya su tsaya, ya wuce. Nan anka haihe ni. Na san ƙoramar ga tun ban da wando."

Alƙasim ya dube shi, bai ɗaga murya ba. "Ni ban san kakanka ba, ɗana. Ruwan ma bai san shi ba."

Mushe ya juya wajen Habsa kamar mai yi wa aji bayani. "Hwaɗinta bai hi mita ɗari biyu ba. Minti biyu mun haye. Lissahi ne."

A daidai lokacin wata iska ta biyo ƙoramar ta shigo ta taga. Sanyi gare ta, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ɗigo bai sauka a wurin ba. Habsa ta leƙa. Can tsakiyar yashi ta ga wani siririn ruwa yana tafe a hankali kamar an zubar da wanki, da kumfa a bakinsa, yana turo kashin awaki da guntayen kara.

Ta tuna yaranta huɗu. Ba ta san lokacin da hannunta ya buɗe ƙofa ba, sai ganin kanta ta yi tsaye a ƙasa.

"Habsa, shiga mota."

"Ba ni shiga."

"Mi kinka ce?"

Ta maimaita. "Na ce ba ni shiga, Mushe. Hutu munka zo. Wa ke jiranmu da bulala? Mu shimhiɗa tabarma nan ƙarƙashin icce, mu ci kilishinmu. In ruwan ya wuce mu wuce. Don Allah."

Matan nan sun ajiye bidunansu suna kallo. Ɗaya daga cikinsu ta rufe baki da gyale ta yi 'yar dariya. Ba da mugunta ta yi ba, amma Mushe ya ji ta. Matarsa ta ƙi maganarsa gaban Buzu da matan ƙauye, ga kuma dariya.

"To zauna," ya ce. "In na haye kya tako da ƙahwa ki iske ni."

Ya miƙa hannu ya ja ƙofarta ya rufe, ya tayar da mota.

Habsa ta dafe ƙirji tana kallo. Motar ta gangara, ta bi siminti lafiya lau. Ta kai inda ya karye, ta kauce ta shiga yashi. Ta yi gaba kaɗan, ta yi gaba kaɗan, sai ta tsaya. Ƙafafun baya suka hau juyawa wuri ɗaya suna watsa yashi. Mushe ya ƙara taka mata wuta. Ta yi gurnani, ta ƙara nutsewa.

"Yashin ya sha ruwa daga ƙasa," in ji Alƙasim, kamar da kansa yake magana.

Mushe ya fito. Ya durƙusa ya hau tona da hannu, da farar rigarsa ta tafiya. Ya zaro tabarma ya cusa ƙarƙashin ƙafar mota, ya koma ciki, ya sake tayarwa. Ko motsi. Siririn ruwan nan ya riga ya faɗaɗa, ya rufe masa idon sawu, ya koma ja.

Sannan suka ji ƙarar. Daga sama take zuwa, daga inda ƙoramar ta yi kwana, kamar manyan motocin albasa goma sun taho a jere. Shanu suka ɗaga kai. Ƙasa ma kamar tana rawa.

"Hito! Bar ta!" Matan suka ɗauki ihu. "Bawan Allah, bar ta!"

Alƙasim ya sa hannu a baki ya yi kira da ƙarfi. Mushe ko waiwayowa bai yi ba, sai tona yake kamar mahaukaci.

Habsa ta san mijinta. Ba motar kaɗai ke riƙe da shi ba. Yadda zai tako da ƙafa, hannu wofi, ya zo ya wuce ta gaban dattijon da ya gaya wa magana, shi ne abin da ba zai iya ba. Ta san zai ci gaba da tonon nan har ruwa ya rufe shi.

Ta zubar da takalmanta ta ruga.

"Ke ɗiyata, komo!" in ji Alƙasim. Ba ta ji ba.

Ruwan sanyi ƙarara, yana dukan ƙwaurinta, tsakuwa na sukar tafin ƙafarta. Ta isa ta kama rigarsa. Ya ɗago, fuska duk yashi, ido ja.

"Mi kike yi nan? Koma!"

"Ba ni komawa sai da kai."

"Saura kaɗan ta hita! In kin zo, to tura mini!"

Habsa ta saki rigarsa. Ta jingina bayanta da motar, ta harɗe hannuwa. Haƙoranta na haɗuwa, amma maganar ta fita sarai.

"To mu zauna. In mota ka zaɓa, sai Mairama ta riƙe yaran har abada. Ni dai inda kake nan nike."

Ya buɗe baki zai yi mata tsawa, sai idonsa ya wuce ta kafaɗarta. Ita ma ta juya. Ruwa ne ya karyo kwana, ja wur, tsayinsa ya fi mutum zaune, ga wani icce guda da saiwarsa yana juyawa a gabansa.

Mushe ya fizgi hannunta suka zuba da gudu.

Gudu cikin jiƙaƙƙen yashi ba gudu ba ne. Kowane taku ƙafa sai ta nutse. Gaɓar da suka baro tana nan gabansu, ga matan suna tsalle suna miƙo hannu, amma kamar ana ja da ita baya. Saura kamar taku ashirin ruwan ya cim musu. Ya bugi gwiwa, kafin su ja numfashi ya kai ƙugu. Habsa ta ji yashi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafarta. Zaninta ya yi nauyi ya naɗe ta, ta tafi. Ruwa ya shiga hancinta da bakinta. Ta ji hannun Mushe ya zagaye ƙugunta ya ƙanƙame, amma shi ma ba a tsaye yake ba. Ruwa na tafiya da su duka biyu.

Da kanta ya fito ta hangi Alƙasim. Ba ya inda ta bar shi. Tun lokacin da ta ruga ya kwance igiyar rijiya ya ɗaura bakinta ga takarkarinsa, ya ja shi suka bi gaɓa zuwa ƙasa, inda ya san ruwa na bugun gefe. Tsoho ne, amma gudu yake, rawaninsa ya warware yana binsa.

Ya jefa igiya. Ta faɗi nesa da su, ruwa ya ja ta.

Ya janyo da sauri, ya ƙara gaba, ya sake jefawa. Wannan karon ta sauka a kafaɗar Habsa. Ta cafke, ta naɗa a hannu sau biyu, ta rufe ido tana kiran sunan Allah.

Alƙasim ya daka wa takarkarin tsawa da yarensu, irin wadda yake yi masa in ana jan guga a rijiya. San ya sunkuyar da kai ya ja. Matan suka ruga suka kama igiyar su ma. Habsa ta ji kamar hannunta zai rabu da kafaɗa, igiya na cin fatarta, ga nauyin mijinta a ƙugunta. Ba ta saki ba. Wani reshe ya doke ta a haƙarƙari, ba ta saki ba. Sai jin gwiwarta ta yi a kan laka, hannuwa sun kama ta ta ko'ina ana jan su sama.

Suna kwance suna haki wata ta ce, "Wayyo, ga ta can!"

Motar ce. Ruwa ya ɗaga ta ya juya ta kamar ƙwarya, ya kifar, ƙafafunta suka dubi sama. Daga nan ba su sake ganinta ba. Sai bayan kwana huɗu aka same ta can ƙasa, yashi ya binne ta har rufi.

Mushe ya yi ta aman ruwa. Wata mata mai suna Furera, ita ce mai dariyar nan, ta kwance gyalenta ta rufa wa Habsa, ta yage bakin zaninta ta ɗaure mata hannu inda igiya ta sale fata. Tana ɗaurewa tana kuka. Alƙasim kuwa ya kwance igiyar daga jikin takarkarin. Ya naɗe igiyarsa, ya shafa wuyan sansa, ya koma gindin icce ya hura gawayi ya ɗora shayi.

Haka suka zauna, ruwa na ruri a gabansu. Sannu a hankali ƙarar ta ragu. Bayan la'asar ruwan ya koma gwiwa, ya koma idon sawu. Awa uku, ba ƙari. Wani mutum ya zo da jakinsa ɗauke da buhu biyu, ya yi sallama, ya naɗe wando, ya ƙetare abinsa yana 'yar waƙa.

Mushe ya bi jakin nan da kallo har ya haye. Sannan ya tashi, ba hula ba takalmi, ya je gaban Alƙasim ya durƙusa har ƙasa. Habsa ba ta taɓa ganin ya durƙusa wa kowa haka ba in ba mahaifinsa ba.

"Baba, ka yahe mini. Na hwaɗa maka maganar banza, na taɓa har kakanninka. Kai kuma ka cece ni."

Alƙasim ya ɗaga buta sama ya tsiyaya shayi cikin ɗan kofi, ya mayar, ya sake tsiyayawa. Sai da ya gama ya dube shi.

"Ni? A'a. Ni wagga baiwar Allah na jehwa ma igiya, ita ce ta ji magana. Kai dai Allah ya sa kana riƙe da ita."

Matan suka fashe da dariya, har da Furera mai hawaye. Mushe ya sunkuyar da kai. Dattijon ya miƙa masa kofin farko. Ya karɓa da hannu biyu, bai sha ba. Ya tashi ya kai wa Habsa, ya riƙe mata a baki, don hannunta ba ya ɗaguwa.

Darasi: In wanda ke kwana yana tashi a wuri ya ce maka tsaya, to ka tsaya, ko wane ne shi, ko ɗan wa ne. Karatu da muƙami ba su hana ruwa tafiya da mutum, kuma jiran awa uku bai taɓa kashe kowa ba. Ku maza, in matarku ta ji tsoro ta faɗa, ba raini ba ne. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san zai hau hanya cikin damina.

To yanzu ga tawa damuwar. Mijin ɗiyata yaron kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, amma shi ma irin masu lissafin nan ne, in ya ce ya sani to ya sani. Na yi wa ɗiyar magana ta ce, "Inna, ke dai tsoro." Babansu ya ce in bar yara su sha iska. Ni kuma suruka ce, ko ido ba ma haɗawa da shi, balle in zaunar da shi in ce kada ka bi hanya kaza. Ran Juma'a za su tashi. In aika a kira yayarsa in roƙe ta ta yi masa magana, ko in cire kunya in faɗa masa da bakina? Don Allah ku ba ni shawara, mi zan yi?